Agogon Banaras

Brisbane, watan Mayu, 1996

Fua Kalawati,

Ram Ram. Na taɓa ƙafafunki daga nesa. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Jitendra da matarsa Anjila. Na san za ki yi ta jujjuya ambulan ɗin nan kina cewa wace ce kuma wannan. Ni ce Roshika, 'yar Shiu Prasad, jikar yayanki marigayi Ramautar. Sau ɗaya kika taɓa ganina, a wani biki a Labasa ina ƙarama. Kin miƙo min alewar madara a ganyen ayaba, amma da na zo zan hau cinyarki sai kika miƙe tsaye. Babana Fua, wato goggo, yake ce miki duk da kusan sa'o'in juna ne ku, ni ma haka zan ce.

Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ce ke matsa masa, ni kuma ina aiki a kantin magani. Aji, kakata, tana wurinmu, tsufa ya kama ta sosai, sanyin ƙasar nan bai karɓe ta ba. Tana yawan ambatonki.

Abin da ya sa na rubuto, Fua, na fara koyon jyotish, duban taurarin nan da pandit, malamin addininmu, ke yi in an haihu ko za a ɗaura aure. Kada ki yi min dariya. Malamata wata tsohuwa ce 'yar Madras ta Indiya, sunanta Minakshi, ga ta 'yar ƙarama sai faɗan tsiya. Na je da zaton ranar farko za ta gaya min yaushe zan yi aure. Ina! Wata uku tana sa ni haddar sunayen taurari ashirin da bakwai da wata ke sauka a cikinsu, sannan lissafi da hannu, ta hana ni taɓa kwamfuta. Ta ce sai na shekara uku ban buɗe baki na gaya wa kowa gobensa ba. Kuma ta ce ba a koyon ɗinki da yadin bikin mutane, in fara da manyan danginmu, waɗanda rayuwarsu ta riga ta nuna abin da tauraronsu ya yi, in gwada lissafi da abin da ya faru.

A cikin manyanmu ke kaɗai kika rage a gida. Don haka ina roƙonki ki aiko min da ranar haihuwarki, da wurin, da lokacin, in kin sani.

'Yarki,
Roshika

Wailevu, Labasa, watan Yuni

Roshika,

Ram Ram. Ubangiji ya raya ki. Muna nan lafiya, an fara saran rake, Jitendra ba ya shigowa sai ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ki gaishe da babanki, ki ce ya riƙa shafa man kwakwa da ɗumi.

Na karanta takardarki sau uku, na ajiye, na sake ɗauka. Shekara da shekaru ba wanda ya tuna da ni daga gidanku, ko katin Diwali, bikinmu na fitilu. Yau kwatsam sai ga gaisuwa har da taɓa ƙafa, a ƙarshenta kuma ana neman lokacin haihuwata. Yarinya, ruwa ba ya tsami banza.

Kin ce kakarki tana yawan ambatona. Na sani. Tun ina 'yar shekara biyu take ambatona, kuma na san da wane suna. Kin kuma ce malamarki na son wanda rayuwarsa ta nuna abin da tauraronsa ya yi. Ai kuwa kin dace da misali! Sai ki kai ni aji a ɗora ni a allo, a ce ga yadda mai cin wa take.

Idan da gaske ba ki sani ba, to bari ki ji. Da aka haife ni, pandit ya duba ya ce na faɗo a tauraruwar Jyeshtha, a kashinta na farko, wanda ke cin babban wa. Ina da shekara biyu na yi zazzaɓi, Bhaiya Ramautar, kakanki, ya tafi nemo min magani, kogi ya kawo, ya tafi da shi. Ya bar kakarki da babanki a goye. A wurin ƙona gawa ta nuna ni da yatsa gaban jama'a ta ce ga wadda ta ci shi. Daga ranar ba macen da ta sake miƙo min jariri a ƙauyen nan. In amarya za ta wuce, a ce Kalawati je ki duba miyar dal a wuta. Ɗan cikina ma da tsoro na shayar da shi, ina kawar da fuska. Yanzu kin gane dalilin da na miƙe tsaye a bikin nan.

Anjila na da ciki, bayan shekara takwas ana jira. Na riga na shirya, kafin ta sauka zan tafi Savusavu wurin wata ƙawata, ba zan dawo ba sai yaron ya yi ƙwari. Ba wanda ya kore ni, ni na kori kaina. Sai a daidai wannan lokacin jikar Sukhrani, matar wana, ta tashi neman lokacin haihuwata? Wa ya gaya muku zancen cikin? Lokacin haihuwar mutum ba gishiri ba ne da za a miƙa ta kan shinge. Na san abin da masu asiri ke yi da shi.

Ki faɗa min gaskiya, wa ya aiko ki?

Kalawati

Brisbane, ƙarshen Yuni

Fua,

Ram Ram. Muna lafiya. Baba ya shafa man, ya ce gwiwar ba ta bari ba amma gidan duk ya yi ƙamshin Labasa.

Takardarki ta sa ni kuka a cikin bas, har wata Baturiya ta miƙo min hankici. Na rantse da kan babana ba wanda ya aiko ni, kuma ban san Anjila na da ciki ba sai daga bakinki. Ubangiji ya sauke ta lafiya. Labarin kakana na san shi guntu-guntu, an ce kogi ne, an ce kuma akwai wani zance game da ke, amma in na tambaya sai Baba ya ƙara ƙarar talabijin.

Ba zan ɓoye miki ba, ambaton da Aji take yi miki ba duka ne mai daɗi ba. Na rubuta shi ne don in ƙawata gaisuwa, ashe ƙaya na saka a ciki. Ita ba ta ma san ina rubuto miki ba. Karatun nawa kansa ba ta so, tana cewa mace da littafin pandit, duniya ta zo ƙarshe.

Maganar malamata kuma ba haka take nufi ba. Kowane ɗalibi haka take sa shi. Ni ma da nawa lissafin na fara, na gano tauraron da aka ce shi zai kawo min miji yana zaune a inda ba ya ko motsi, muka yi ta dariya. Da na karanta mata takardarki, ba tare da na faɗi sunanki ba, ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "Ko a littafin ma wannan kashin babban wa kaɗai ya shafa. Ina ruwan jariran mutane?" Ta kuma ce, "Kada ki yarda da lissafin kowa sai kin yi da hannunki. Ko nawa ne." Wannan shi ne darasin da take nanata mana kullum, shi da tambayar ina aka haifi mutum kafin a tambayi yaushe.

In ba ki yarda da ni ba, ki bar shi, ba zan ji haushi ba. Amma kada ki daina rubuto min.

Roshika

Brisbane, watan Agusta

Fua,

Ram Ram. Shiru ya yi yawa. Kullum na dawo aiki sai na leƙa akwatin wasiƙu, ba komai sai tallan kaya. Ko dai ba ki da lafiya? Ko na sake taka wani abu ban sani ba? Na so in buga waya shagon bakin hanya a kira min ke, sai Baba ya ce in na yi haka kafin ki ƙaraso duk Wailevu sun ji.

Ko takardar ce ba ta iso ba? In an buɗe ta a hanya, ki yafe min, ni na jawo. Ki aiko ko da layi ɗaya ne, ki ce kina raye kina fushi, ya ishe ni.

Roshika

Wailevu, ƙarshen Agusta

Roshika,

Ram Ram. Ina raye, fushin kuma ya ragu. Takardunki biyu sun iso, ba a buɗe ba, na duba bakin ambulan da kyau don na san halin matar mai shago. Lafiyata ƙalau. Anjila ce ƙafafunta suka kumbura, ni ke girki, ni ke kai wa masu saran rake gurasar roti da kabewa gona.

Shirun da kika ji, tunani nake. Na ce wannan yarinya ko dai mai gaskiya ce, ko kuwa ta fi kakarta iya ɗana tarko. Abin da ya karya ni shi ne da kika ce ambaton ba duka ne mai daɗi ba. Maƙaryaci da cewa zai yi tsohuwar tana kewata.

Ki gaya wa malamarki mutanen ƙauye ba sa karanta littafi har ƙarshen shafi. An ce yarinya ta ci wanta, shi ke nan, ta zama mai ci.

Jiya Anjila ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta, yaron ya harba. Na fizge hannun kamar na taɓa garwashi, ita kuma ta fashe da kuka. Ta ce, "Ma, uwata ta mutu, ke ma guduwa za ki yi? Wa zai yi masa wanka?" Na shiga ɗaki na ɗauko alƙalami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

An haife ni a nan Wailevu, a tsohon gidan kwano da ke bayan bishiyar mangwaro, shekarar tana jikin takardar da na maƙala. Ranar Bhai Dooj ce, kwana biyu bayan Diwali, ranar da ƙanne mata ke sa wa yayyensu alama a goshi suna roƙa musu tsawon rai. Kin ga abin dariya. Lokaci kuma, uwata ta ce ina faɗowa jiniyar asuba ta masana'antar sukari na kaɗawa, wadda ke tashin ma'aikata ƙarfe shida. Ta ce kukana da na jiniyar tare suka tashi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko mijina har ya mutu bai sani ba. Me zan kai wa wani pandit ya sake dubawa, don a ƙara min wani sunan?

In kika kai wannan wurin mai asiri, ki tuna ba ni kaɗai za ki cuta ba. Akwai wanda ba a haifa ba tukuna.

Kalawati

Brisbane, watan Satumba

Fua,

Ram Ram. Duk muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na yi lissafin. Wata bai fito min a Jyeshtha ba, ya fito a Anuradha, tauraruwar da ke gabanta. Na ce ni ce na yi kuskure, ɗalibar jiya. Na sake, na sake, har na cinye rabin littafin rubutuna, amsa ɗaya. Na kai wa malamata ina jiran ta ja min kunne. Ta yi nata da hannunta, ta ɗago ta ce, "Tambayi babanki, da wane littafi pandit ɗin ƙauyenku yake duba?" Baba ya ce kowa ya san shi, jan littafin nan ne da ake kawowa a jirgin ruwa daga Banaras ta Indiya duk shekara.

Malama ta dafe kai. Ta ce ta sha ganin wannan a wurin mutanen tsibirai. Littafin yana faɗin ƙarfe nawa wata ke barin wannan tauraruwa ya shiga waccan, amma da agogon Banaras. A Labasa kuwa gari na wayewa tun kafin su, da awa shida da rabi. Tsohon ya ga an rubuta wata zai shiga Jyeshtha wajen ƙarfe biyun dare, aka ce masa an haife ki ƙarfe shida, sai ya ce ai ya riga ya shiga. Alhali lokacin da jiniyar Labasa ke kaɗawa, a Banaras ko sha biyun daren jiya ba ta yi ba. Watan bai shiga Jyeshtha ba sai da hantsi ya ɗaga a Wailevu, kina kwance a jikin uwarki kin riga kin sha nono.

Ba mugunta ya yi ba, Fua. Kakanninmu sun zo da littafin daga Indiya, sun ɗauka rana ma tare suka zo da ita.

Na tuna wa Malama dokarta ta shekara uku. Ta ce, "Wannan ba duba ba ne, gyaran agogo ne. Rubuta mata yau, ba gobe ba." Anuradha tauraruwar amana ce da riƙon zumunci. Ba ta cin wa, ba ta cin kowa.

Na gaya wa Aji. Na so in ce miki ta yi kuka ta nemi gafara, amma na yi alkawarin ba zan ƙara ƙawata miki zance ba. Ta ce, "Da tauraro da ba tauraro, maganin wa ya je nema?" Ta juya fuska bango.

Kada ki je Savusavu.

Roshika

Wailevu, watan Oktoba

Roshika,

Ram Ram. Muna lafiya, cikin ya sauko, kwanan nan ne.

Da na karanta takardarki, farin ciki ban yi ba, kada ki zata. Haushi ne ya turnuƙe ni. Na ce wato sun haɗa baki. Na tare Jitendra a bakin rijiya na ce, "Kai, nawa ka kashe a waya kana kitsa wa 'yar Brisbane abin da za ta rubuto min?" Ya tsaya da guga a hannu yana kallona kamar na zare. Ya ce, "Ma, wace 'yar Brisbane kuma? Rana ce ta buge ki?" Na san ɗana, in yana ƙarya kunnensa ja yake yi. Bai yi ba.

Duk da haka ban yarda ba. Tausayi ma yana sa mutum ƙarya, kuma ke ɗaliba ce, wata nawa kika yi? Ai malamarki ta ce kada a yarda da lissafin kowa. To na ɗauki maganarta. Na hau bas na tafi gari, ba wurin pandit ɗinmu ba, wurin wani saurayi da ya yi karatu a Indiya, wanda bai san ni ba bai san gidanmu ba. Na ce wata maƙwabciyata ce ta aiko ni. Na ba shi rana da jiniya. Kafin ya taɓa littafi sai ya ce, "Mataji, a nan aka haife ta ko a can?" Ya yi 'yan rubuce-rubucensa ya ce, "Anuradha. Ki ce wa maƙwabciyarki mutuniyar kirki ce, irin wadda ake ba ajiya."

Ban san yadda na fito ba. Na zauna a tashar bas kusa da masu sayar da rogo, bas ɗinmu ta zo ta tafi ina kallo. Shekara sittin, Roshika. Jariran da na kawar wa kai sun yi aure sun haifi nasu. Duk saboda tsoho ɗaya bai san rana na riga fitowa a nan ba. Wa zan kama? Ya mutu tun ina budurwa, kuma har alewa yake ba ni.

Kakarki kuwa ki ƙyale ta. Da wannan sandar ta dogara ta raini babanki ita kaɗai, in kika fizge yanzu faɗuwa za ta yi. Maganin nawa ya je nema, wannan gaskiya ta faɗa. Amma wa ne da ya je nemo wa ƙanwarsa magani, haka zan riƙa tuna shi daga yau.

Jakar Savusavu tana nan a ɗaure. Ban kwance ba tukuna, hannuna bai yarda da abin da kaina ya ji ba.

Fua

Wailevu, watan Nuwamba

Roshika 'yata,

Ram Ram. Anjila ta sauka lafiya, mace, mai gashi kamar an shafa mata mai. Katinki na Diwali ya iso, na farko daga gidanku, na soke shi a jikin madubi.

Ban je ko'ina ba, amma kwana biyar ban taɓa ta ba. Ina dafa wa mai jego, ina wanke tsumma, in na zo ƙofar ɗakin sai in tsaya. Ranar shida, da mata suka taru don wanka da sa kwalli, gida ya cika ana waƙa ana kaɗa ganga, ni ina can baya wurin tukwane, inda na saba. Sai matar mai shago ta ɗaga murya ta ce, "Kalawati, ki kula da dal ɗin nan, mu za mu ji da yarinya." Anjila ta tashi da jegonta, ta ratsa matan nan duka, ta zo har bakin murhu ta saka min ita a hannu. Waƙar ta tsaya cak.

Ashe haka suke da rashin nauyi. Na manta, ko kuwa ban taɓa sani ba. Na tsaya ina jiran wani abu ya faru. Abin da ya faru shi ne ta yi min fitsari a sabon zanena na sari, matan suka kwashe da dariya, aka ci gaba da kiɗa. Ni na sa mata kwallin. Har na ɓata mata kunci, na kalli fuskarta sosai, ban kawar da kai ba. Dal ɗin ya ƙone.

A bayan katinki kin ce in an haihu in aiko miki da lokacin, za ki yi lissafi da agogon Labasa, ba kuskure. Na yarda da ke, da malamarki, ki ci gaba da karatunki, kin fara da kyau. Amma wannan ba zan ba ki ba. An rubuta shi a katin asibiti, na karɓa na sa a ƙasan akwatina, na ce wa pandit ya zaɓa mata suna da ranar kawai. In ta girma ta nema, nata ne, ta kawo miki da ƙafarta. Kafin nan ba wanda zai gaya wa yarinyar nan wace ce ita sai ta nuna mana da kanta.

In kin sami hutu ki zo. Kin yi girma da hawa cinya, amma ki zo, kina bina bashin zama ɗaya a cinya.

Fuarki,
Kalawati